Zaman Makokin da Kawu Ya Yi a Bakin Kogi

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a asibiti a Birmingham. Ranar Alhamis muka rufe shi. Mu tara ne a maƙabarta. Biyu daga ciki 'yan Pakistan ne da suka zo ziyarar kabarin mahaifinsu, suka ga hannu ya yi mana kaɗan, suka zo suka kama mana.

A flat ɗinsa, cikin gidan bene a unguwar Sparkhill, muka zauna karɓar gaisuwa. 'Yarsa a ƙasar nan aka haife ta, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Ta tambaye ni yadda ake yi. Na ce ta matsar da kujeru jikin bango, ta yi shimfiɗa a ƙasa, ta dafa shayi da yawa. Har kofuna ta aro wajen mutanen bene na sama. Ba a taɓa rabinsu ba.

Matan coci uku suka zo daga Manchester, 'yan Filato, da kular tuwo da miyar kuka. Babbarsu ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ta yi kuka sosai. Ta ce, "Baban nan ne ya tsince ni a tashar mota ranar da na sauka ƙasar nan. Bai san ni ba fa. Ji kawai ya yi ina waya da Hausa ina rawar sanyi, ya cire kwat ɗinsa ya yafa min."

Ɗalibai biyu 'yan Kano suka zo, suka yi addu'a mai kyau. Suna sa takalmi a bakin ƙofa na ji ɗayan yana raɗa, "Wai shi ne wanda ya je Indiyar nan?" Ɗayan ya ce, "Kai dai sa takalminka mu tafi."

Liman ya zo, ya yi addu'a, ya shafa, ya ce yana da uzuri. Shayinsa ya huce a inda aka ajiye shi. Wani dattijo da suka shekara talatin suna sahu ɗaya da Kawu bai zo ba, waya ya bugo. Ya ce, "Allah Ya yafe masa abin da ya yi."

'Yar Kawu ta ga fuskata ta canza, ta tambaye ni da Turanci me mutumin ya ce. Na ce gaisuwa ce. Ta ce to ina jama'ar da babanta yake cewa yana da su? Na tashi na shiga kicin.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ban yi boko ba, rubutun ma da girmana na koya, kuma ba ni da yawan magana. Amma ni na riƙe masa jaka a tafiyar Indiya, ni kaɗai na ga abin da ya faru. Maganar da ta hana mutane zuwa gidan nan kuma daga bakina ta fita. Ba na so ta zama ita ce za a riƙa tuna shi da ita. Don haka zan faɗi yadda aka yi.

Kawu ya zo ƙasar nan yana saurayi, tun ana zuwa a jirgin ruwa. Ya yi aiki a masana'antar narka ƙarfe har aka rufe ta, sannan ya tuƙa bas har gwiwoyinsa suka ƙi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tabon ƙuna a bayan hannunsa na dama. Goronsa a jiƙaƙƙen tsumma yake ajiye shi, cikin firij kusa da madara. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya gaisawa yana tafiya. Ko a tsakiyar Stratford Road kuka gamu, sai ya ja ka gefe ya tambayi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, ruwan sama na dukanku.

Bayan rikicin Jos ya ɗauko ni. An ƙone min shago, na rasa mata da ɗa a yini ɗaya. Da na sauka bai tambaye ni komai ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Kwano ya turo min ya ce, "Ci." Wata shida ina kwance a falonsa ina kallon bango. Ranar da ya ga na yi aski da kaina, ya buga waya Manchester ya samo min aikin wankin mota. Na kama ɗaki a Levenshulme. Duk bayan mako biyu nakan hau mota ranar Lahadi in je in gan shi.

Akwai maganar da ya fi maimaitawa: "Wanda ke jin tarinka ta bango, shi ne ɗan'uwanka. Sauran sai an buga musu waya."

Mai jin tarin Kawu Ba'indiye ne, mai addinin Hindu. Tare suka yi aikin ƙarfe, kuma hukumar gari, council, ta ba su flat jikin juna. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba. Maƙwabci yake ce masa, da Hausa, har mutumin ya saba yana amsawa. Matar Maƙwabci ta rasu, bai haihu ba. Matar Kawu ma ta rasu, 'yarsa tana can nesa wajen aiki. Maƙwabci ba ya cin nama, Kawu yana ce masa ɗan'uwan akuya. Shi kuma yana cewa ƙarfen kamfani Kawu ya riƙa sata yana taunawa, shi ya sa haƙoransa suka yi tsatsa. Da azumi shi ke kawo wa Kawu soyayyen abu mai yaji daidai shan ruwa, yana duba agogo kamar shi ne ya wuni da yunwa.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rufe wurin da tsofaffin unguwar ke yini. Mai zuwa duba Maƙwabci aka mayar da zuwanta minti goma sha biyar, ko kwat ba ta cirewa. Sai tsofaffin biyu suka yi nasu tsarin. Duk safiya Kawu zai buga bango sau biyu da sandarsa. Maƙwabci zai mayar da uku, wai don ya nuna ya fi shi lafiya. Sannan su haɗu a falo ɗaya, a kunna hita ɗaya.

A zaman nan ne Maƙwabci ya cika masa kunne da labarin garinsu. Wai akwai kogi, a bakinsa akwai tsohon ɗakin ibada da mutane ke zuwa ziyara daga ko'ina. A labarin kakanninsu, nan ne wani ɗan sarki da aka kora daji ya tsallaka, shi da matarsa da ƙaninsa, kuma mai kwalekwalen ya ƙi ɗaukarsa sai da ya bari ya wanke masa ƙafa. Kawu ya haddace labarin har yana yi wa mai shi gyara. Yakan ce, "Ni a labarin nan naku, ƙanin ne mutum. Ba shi aka kora ba, ya bi."

Maƙwabci ya roƙe shi in ya riga shi tafiya, a kai tokarsa kogin nan, inda aka zuba ta ubansa. Kawu ya ce to. In Kawu ya ce to, magana ta ƙare.

Wata safiya ya buga bango sau biyu, ba a mayar ba.

Mutanen addininsu suka ƙone gawar yadda suke yi. Sun yi ƙoƙari, har suka ce akwai kogin da aka yarda su zuba toka a nan ƙasar, ba sai tsoho ya wahala ba. Kawu ya ce ba haka mamacin ya ce ba. Suka ba shi tokar a gwangwani mai murfi, naɗe da jan ƙyalle, da takardun filin jirgi.

Ina wurin ranar da Kawu ya yi maganar da liman.

Liman ya ce, "Alhaji, wannan ba aikinka ba ne. Gidan gumaka ne fa."

"Akaramakallahu, ni na ƙone shi?"

"A'a."

"An ce in yi wa wani abu sujada?"

"Ba a ce ba. Amma wurin..."

"Ajiya aka ba ni aka ce in kai gida. Ka nuna min inda aka ce a tambayi addinin mai ajiya kafin a mayar masa, sai in zauna."

Liman ya ce shi dai ya faɗi nasa, kuma mutane za su yi magana. Kawu ya ce, "Mutanen nan, wa ya taɓa buga min bango a cikinsu?"

Liman mutumin kirki ne, tsoro yake ji masa. Ni ma ra'ayina ɗaya da na liman. Amma Kawu ba ya iya hawa matakala shi kaɗai, ni kuma na ci tuwonsa. Na ɗauki hutu na bi shi ina ƙunƙuni.

Jirgin sama, jirgin ƙasa, sannan wata 'yar keke mai ƙafa uku. Duk tafiyar gwangwanin yana kan cinyarsa, bai yarda an sa shi cikin kaya ba. In zai yi salla sai ya miƙa min ya ce, "Riƙe Maƙwabci." Ina riƙewa da bakin yatsu.

Garin ƙarami ne, amma jama'a kamar ranar kasuwa. Matakalar dutse ce take sauka tun daga ƙofar ɗakin ibadar har cikin ruwa. Ƙararrawa ba ta tsayawa. Ga hayaƙin turare, ga furanni masu ruwan goro suna yawo a kan ruwa, ga birai a kan katanga, shanu kuma suna ratsa mutane ba mai kora. Mata na wanka da tufafinsu, maza an aske musu kai suna zaune layi. Kogin faffaɗa ne, mai tafiya a hankali. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kamar Binuwai a Ibi. Ashe ba ƙarya yake min ba."

Aka haɗa mu da wani malaminsu, tsoho ne siriri, ba riga, da zare rataye a kafaɗa. Yana jin Turanci kaɗan. Ya ce a al'adarsu ɗa ne ke yin wannan aiki. Ya tambayi Kawu ko shi ɗan'uwan mamacin ne.

Kawu ya ce, "Maƙwabcinsa ne ni. Kuma ni Musulmi ne. Ba zan shiga ciki ba, ba zan faɗi abin da kuke faɗa ba. Kawo shi na yi."

Tsohon ya dube shi, ya dubi sandarsa, ya tambayi daga ina. Kawu ya faɗa masa. Sannan tsohon ya ce shi da kansa zai tsaya a madadin ɗa.

Kawu ya miƙa gwangwanin da hannu biyu. A matakalar sama muka tsaya. Tsohon ya shiga kwalekwale, aka tuƙa shi tsakiyar ruwa, ya yi karatunsa, ya juye. Toka ta ɗan yi fari a kan ruwa, sannan babu. Hannun Kawu dai yana nan a buɗe kamar har yanzu yana riƙe da abu.

Da tsohon ya dawo, ya hau matakalar har inda muke. Kafin wani ya ankara ya sa babban yatsa ya shafa wa Kawu jan abu a goshi, ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai. Godiya yake yi, yadda ya iya.

Na ce, "Kawu, goge!"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ba a gaban mutum ba."

Ya yi wa tsohon sallama a tsanake, ya tambayi iyalinsa. Muka taka har muka sha kwana, inda ba a hango mu. Nan ya fito da hankici ya goge goshinsa tas. Ya sauka bakin ruwa ina riƙe da shi, ya yi alwala, ya duba rana, ya yi azahar a kan yashi. Abin da ya faru ke nan. Bai shiga ba, bai durƙusa wa komai ba, bai sha ba, bai yi wanka ba. Kara ce ya yi wa tsoho ɗan'uwansa na tsawon taku hamsin.

Na ɗauka mun gama. Washegari da safe ya ce in ɗauko tabarmar da ya saya. Muka koma bakin kogin. Ya samu inuwar wata bishiya can gefe da ɗakin ibadar, ya sa na shimfiɗa, ya ajiye faranti da goro da dabino, ya cire takalmi ya zauna.

Na ce, "Me muke yi?"

"An yi mutuwa. Sai a watse haka kawai?"

"Kawu, wa zai zo? Wa ya san ka a nan?"

"Ba shi da kowa. In ban zauna ba, wa zai zauna?"

Zaman makoki yake yi, irin namu, kwana uku, a ƙasar da ba wanda ya san me tabarmar take nufi. Mutane suna wucewa suna kallo. Wata mata ta ɗauka sayar da dabinon yake, ta tambayi nawa. Wani biri ya sauko ya kwashi rabi. Duk wanda ya rage tafiya kusa da mu, sai Kawu ya gyara zama ya ɗaga kai. Sai mutumin ya wuce.

Ranar farko na zauna a gefen tabarmar na ba shi baya. Rana ta biyu na ce abin kunya ne, ya mayar da mu abin kallo, na koma masauki na bar shi. Da la'asar na je ɗauko shi, na same shi yadda na bar shi.

Rana ta uku mai kwalekwalen da ya tuƙa tokar ya hango mu, ya ɗaure jirginsa ya hauro wajenmu. Ya tsuguna a bakin tabarmar. Ba ya jin Kawu, Kawu ba ya jin sa. Kawu ya miƙa masa goro. Ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya tofar, suka yi dariya su biyu. Sannan ya nuna tsakiyar kogin, ya dafa ƙirjinsa, ya ɗan zauna, ya tafi.

Kawu ya ce, "To, an samu mutum ɗaya. Naɗe tabarmar."

Mun dawo da mako biyu aka yi suna a Moss Side, cikin Manchester. Ana cin shinkafa wani ya ce, "Kai, an ce ka je yawon Indiya. Ba mu labari." Haushin tafiyar bai bar ni ba. Na ce, "Ku bar ni. Har jan abin nan nasu aka shafa wa tsohon a goshi." Aka yi salati, wasu suka yi dariya. Daga nan na tsaya. Ban faɗi hankicin ba, ban faɗi alwalar ba. Ni da ba na magana, ranar da na yi, rabi na faɗa.

Labarin ya riga ni isa Birmingham. Kafin wata ya ƙare an ce ya yi sujada, an ce ya yi wanka a kogin, an ce da ma ya daɗe da canzawa.

Ba wanda ya kore shi daga ko'ina. Da, in ɗalibi zai yi aure Kawu ne waliyyi, in an haihu shi ake kira ya yi huɗuba, in an yi faɗa falonsa ake zuwa. Sai wayar ta daina ƙara. A masallaci a gaisa da shi da bakin yatsu. Shi kuma bai taɓa tsayar da kowa ya yi bayani ba. Ba halinsa ba ne.

Flat ɗin Maƙwabci aka ba wani. Kawu ya ci gaba da buga bango da safe, don hannu ya saba. Sabon mutumin ya kai ƙara council, aka aiko wa Kawu da takarda. Ya nuna min ita yana murmushi, ya ce, "Ka ga, an amsa." Daga ranar ya daina.

Na so in gyara. Sau biyu na fara faɗa wa mutane sauran labarin, suka ce ai dole in kare kawuna. Sai na yi abin da ya fi sauƙi, na rage zuwa. Daga mako biyu na koma wata, daga wata na koma salla zuwa salla. Ina ce masa aiki ne. Yana cewa Allah Ya taimaka. Shekara biyar muka yi a haka.

Da likitan unguwa ya tura shi asibiti, 'yarsa ta kira ni. Na isa da rana, ana ruwa. Ya rame, hannun nan mai tabo ya zama kamar kara. Na ja kujera na zauna.

Na ce, "Kawu, maganar nan ta goshi. Ni na faɗa."

Ya ce, "Mu biyu muka je. Da biri zan zarga?"

"Ka yafe min."

"Wannan tuntuni. Baki ne, kowa da nasa." Ya huta, numfashinsa yana ƙara. "Ba shi ne ya tsaya min ba."

Na jira.

"Kwana uku na zauna a kan tabarmar nan. Duk garin, mutum ɗaya ne ya san abin da ake ce wa wanda aka yi wa mutuwa. Yana zaune a gefena, ya ba ni baya."

Na ce, "Kawu, na ga ba Musulmi ba ne. Ban san me zan ce ba."

"Na ce ka roƙa masa wani abu? Shi da Mahaliccinsa. Gaisuwa ta mai rai ce. Ni aka yi wa rashi."

Ni da na binne mata da ɗa, na san nauyin wannan kalma, na san yadda ake jiranta. Na sauka daga kujerar na tsuguna a gefen gadon, yadda ake yi. Wata nas ta leƙo ta koma.

Na ce, "Kawu, ya haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya."

"Ashe Maƙwabci lokaci ya yi. Allah Ya ba ka haƙurin rashinsa."

"Amin. Na gode da ka zo." Ya rufe ido. Can ya ce, "Mutum biyu ke nan."

Kwana huɗu bayan nan ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, a gabana.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi maƙwabta na gari a can. Wanda ya ji rabin labarin daga bakina, yanzu ya ji sauran.